Underdog a zaɓen fidda gwani: ni dai na tsaya a kan "raina-kama"

1/ Jiya da dare ina fassara wani labari kan zaɓukan fidda gwani na Amurka, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: underdog. Duk lokacin da ta zo, jimla muke ja mata kamar igiyar guga: "ɗan takarar da ba a zaton zai kai labari". Ma'ana ta fita, amma wa zai iya cusa wannan a kanun labari? Na tambayi mutane tun safe, ga abin da na tattaro.

2/ Tun farko, kada wanda ya kawo mini "karen ƙasa". Gaskiya ne daga faɗan karnuka kalmar ta fito, wato karen da aka danne. To amma Ba'amurke in ya faɗe ta, da tausayi yake faɗa, har da ɗan goyon baya a ciki. Mu kuwa ka kira ɗan mutum kare ka ga yadda za ku ƙare.

3/ Wanda aka fi turo mini shi ne "ɗan rakiya". Ban karɓa ba. Ɗan rakiya shi da kansa ya san ba ci zai yi ba, ya sayi fom ne don a san da shi ko a tuna da shi ranar rabon muƙami. Underdog da gaske yake nema, mutane ne ba su ɗauke shi da gaske ba. "Ƙaramin alhaki" ma an kawo, sai dai raini ne zalla, babu ƙofar da ya bari ta ba-zata. "Marar galihu" ya fi kama da wanda za a tara wa taimako a masallaci.

4/ Wani dattijo, tsohon ma'aikacin rediyo, shi ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, me ya kai ka nesa? Ba ka taɓa jin raina kama ka ga gayya ba?" Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, ai shi ke nan." Ɗan takara raina-kama. Ginin kalmar namu ne, irin na dafa-duka da faɗi-tashi da kama-karya. Ba ta canzawa: 'yar takara raina-kama, 'yan takara raina-kama.

5/ Sai dai kalma ba a karɓarta don daɗinta a baki, sai an gwada ta a kan mutane. Mu fara da Jimmy Carter a 1976. Tsohon gwamnan Jojiya ne, manomin gyaɗa daga wani ɗan ƙaramin gari, Plains. Da ya fito, tambayar da ake yi ita ce "Jimmy wa?" Ya tare a jihar Iowa, inda aka fara zaɓukan fidda gwanin, tun kafin manyan su waiwaye ta, yana bin gidaje da ƙananan taruka. A watan Janairu ya samu kusan kashi 28 cikin ɗari. Abin dariyar, ba shi ne ma kan gaba ba: waɗanda suka ce ba su tsai da kowa ba sun fi shi, da kusan kashi 37. Amma shi ne na ɗaya cikin masu suna, jaridu suka ɗauka, kuɗi suka fara shigowa, ya ci New Hampshire, ya karɓi tutar Dimokurat, ya kayar da shugaba mai ci Gerald Ford a Nuwamba. An raina kama, an ga gayya. Kalmar ta zauna daram.

6/ Nan wata 'yar'uwa ta kawo ƙorafi mai nauyi. Ta ce, "Yaya, karin maganar taka ta riga ta yi alkawarin gayya. Shi kuwa underdog tun kafin a kaɗa ƙuri'a ake kiransa haka, kuma galibi faɗuwa yake yi. In ya faɗi fa?" Na daɗe ina juya wannan, don tana da gaskiya.

7/ Amsata ita ce gayya ba lalle sai nasara ba. Dubi Eugene McCarthy, sanata daga Minnesota, a 1968. Ya fito ƙalubalantar shugaba mai ci na jam'iyyarsa, Lyndon Johnson, saboda yaƙin Biyetnam. Ɗalibai ne yawancin ma'aikatansa. Ranar 12 ga Maris a New Hampshire ya samu kashi 42. Faɗuwa ya yi, Johnson ya fi shi ƙuri'a. Amma ranar 31 ga watan Johnson ya fito a talabijin ya ce ba zai sake nema ba. McCarthy bai samu tuta ba, bai zama shugaba ba, sai dai ya sa mai kujera ya haƙura. In wannan ba gayya ba ce, mece ce?

8/ Haka Bernie Sanders a 2016. Sanata daga ƙaramar jihar Vermont, ɗan shekara 74, yana kiran kansa ɗan gurguzun dimokuraɗiyya a ƙasar da ake gudun wannan suna. Kusan duk jiga-jigan jam'iyya suna bayan Hillary Clinton. A Iowa tazararsu ba ta kai kashi 1 ba. A New Hampshire ya ba ta ratar fiye da kashi 20. A Michigan, ranar 8 ga Maris, ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna tana gabansa da kusan kashi 20, ya zo ya ci. Daga ƙarshe ita ta ɗauki tuta, amma sai da aka kai watan Yuni ana gumurzu, da gudummawar da yake alfaharin cewa tsaka-tsakinta dala 27 ce.

9/ Wanda labarinsa ya fi ba ni tausayi Rick Santorum ne, na Rifablikan, a 2012. Ya zagaye duka gundumomi 99 na Iowa ba tare da wani kuɗin kirki ba. Daren zaɓe aka ce Mitt Romney ya ci da ƙuri'a 8. Bayan mako biyu aka tantance, ashe Santorum ne ya ci da 34. Kafin nan Romney ya riga ya sha kiɗan nasara ya wuce.

10/ Ɗan ratse kan caucus, wato salon fidda gwani irin na Iowa, tunda a nan raina-kama suka fi samun kafa. Yadda 'yan Dimokurat suka daɗe suna yi a Iowa har zuwa 2020, maƙwabta ne ke taruwa a makaranta ko coci, kowa ya tsaya a kusurwar gwaninsa, a ƙirga kawuna. Wanda bai kai kashi 15 ba, mutanensa su watse su bi wani. Duk wanda ya ga zaɓukan farkon shekarun 1990 a Najeriya zai ce ai wannan ƙato-bayan-ƙato ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Ban ɗauke ta fassara ba dai, don 'yan Rifablikan a nasu taron takarda suke rubutawa a asirce. "Taron fidda gwani" ya ishe ni. Abin lura shi ne irin wannan taro na mai naci ne: wanda magoya bayansa za su fito cikin sanyin Janairu su zauna awa biyu ya fi mai tallan talabijin riba.

11/ Wasu sun so "ɗan haki", daga ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina sonta, amma ita daga bakin babban ɗan takara take magana, wanda idonsa ya tsonu. Raina-kama kowa zai iya faɗarta, har shi mai takarar ya bugi ƙirji ya kira kansa da ita, kamar yadda 'yan siyasar Amurka ke rububin a kira su underdog ko da su ne kan gaba.

12/ Na yarda da 'yar'uwar nan a abu ɗaya: wanda ya shiga ya fita da kashi 1 babu wanda ya ji motsinsa, kada a ɓata masa wannan suna, ɗan rakiya ne. Kanun da na tura wa edita da safen nan ga shi: "Yadda 'yan takara raina-kama ke girgiza zaɓen fidda gwani a Amurka". Bai canza ko harafi ɗaya ba.