Neman shawara: gem nake son haɗawa a furojet ɗina, wata huɗu suka rage

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a kimiyyar kwamfuta, kuma an amince min in haɗa gem a matsayin aikin kammala karatu. Burina shi ne wasan dambe, 'yan wasa su zama kamar mutane na gaske, da fili da 'yan kallo da makaɗi. Damuwata biyu ce. Laftof ɗina RAM ɗinta (ma'adanar da take aiki da ita) 4GB ne kawai, na sauke Unity, manhajar haɗa gem, ta riƙa tsayawa. Sannan a harsunan rubuta manhaja Python kaɗai na iya, shi ma ba sosai ba. Wata huɗu suka rage a kare aiki, ga wutar unguwarmu sai a hankali. Don Allah waɗanda suka taɓa yin irin wannan, ta ina zan fara?

Amsa ta 1
Wa alaikumus salam. Ƙanina, gaskiya zan gaya maka, damben nan ka ajiye shi tukuna. Ɗan wasa ɗaya mai siffar mutum sai ka ƙera jikinsa, ka yi masa ƙashi, ka koya masa tafiya da naushi da faɗuwa, kowanne daban. Aikin mutane da yawa ne. Ni da na yi nawa na fara da tseren mota, na ɓata wata biyu ina gyaran taya, ƙarshe da kyar na miƙa abin da ke motsi. Ka tuna macijin da muka buga a wayar Nokia, tun 1997 yake. Layi ne kawai yana cin ɗigo yana tsawo, amma wa bai kwana a kansa ba? Tetris ma mutum ɗaya ne, Alexey Pajitnov, ya fara rubuta shi a 1984. Malaman da za su zauna a gabanka abin da suke so su gani shi ne gem ya buɗe, a buga, a ci ko a faɗi, ya koma farko ba tare da ya maƙale ba.

Amsa ta 2
Ka bar Unity, ka sauke Godot. Kyauta ne, ba shi da nauyi, ba ya cin data da yawa wajen saukewa, kuma harshensa GDScript ya yi kama da Python sosai. Wajen buɗe sabon aiki ka zaɓi Compatibility, shi ne ya dace da tsofaffin kwamfutoci. Ka tsaya a 2D, wato zane shimfiɗaɗɗe mara zurfi. Pygame, kayan haɗa gem da Python, ma zai yi, amma idan kana son gem ɗin ya hau wayar Android, Godot ya fi sauƙi.

Amsa ta 3
Ni malama ce, na sha zama wajen kare irin waɗannan ayyuka. Ɗana, idan abin gida kake so ka fito da shi, me ya hana ka ɗauki dara? Gurabe 30 ne, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Ana fara jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsar da su gurbi guda, wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin wasansa. Zanenta murabba'ai ne da duwatsu, kwana biyu ya ishe ka. Ƙarfinka sai ya tafi inda maki yake, wato yadda kwamfuta za ta yi tunani ta buga da mutum. Akwai dabarar da ake kira minimax: na'ura ta hango idan na matsa nan, shi zai matsa can, ta auna sakamakon, ta zaɓi wanda ya fi mata. Kana iya sa ta hango mataki ɗaya ga mai koyo, uku ko huɗu ga gwani, ka ga ka samu matakan wahala ke nan. Wannan kaɗai ya cika babi guda mai nauyi a rubutunka.

Amma kafin ka taɓa kwamfuta, ka je wurin dattawan da ke buga ta a bakin kasuwa ko gindin bishiya, ka zauna da littafi. Ƙa'idojin kan bambanta daga gari zuwa gari, misali ko an yarda a jera uku tun lokacin zubi, da abin da ke faruwa idan 'ya'ya huɗu suka haɗu a layi. Ka rubuta wadda ka zaɓa, ka nuna wa malamin da ke duba aikinka ya sa hannu. Na ga ɗalibai da yawa sun rikice ranar kare aiki saboda an tambaye su doka ɗaya da ba su taɓa yanke hukunci a kanta ba.

Amsa ta 4
Batun wuta: kullum ka gama aiki ka tura shi GitHub, shafin intanet da ake adana aikin manhaja, ka kuma ajiye kwafi a filashi. Abokina laftof ɗinsa ta mutu saura sati uku, bai ajiye komai a wani wuri ba, hawaye ya yi a gabanmu. Kuma idan za ka rubuta Hausa a cikin gem ɗin, ka gwada ƙ da ɗ da ɓ tun farko, wasu nau'o'in rubutu akwatuna suke nunawa a madadinsu. Noto Sans yana da su.

Amsa ta 5
Da zarar mutum biyu sun iya bugawa a waya ɗaya, ka miƙa wa ƙannenka ka yi shiru kana kallo. Kada ka yi musu bayani. Duk inda suka tsaya suna dube-dube, nan gyara yake.

Mai tambaya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Damben ya yi min wuyar saki, amma na gamsu. Malama, kakana na buga dara kullum bayan la'asar, gobe in sha Allahu zan je masa da littafi. Tambaya ɗaya ta rage: in fara da wasan mutum biyu, ko in shiga tunanin kwamfutar kai tsaye?

Amsa ta 3
Mutum biyu tukuna, ɗana. Sai dokokin sun zauna daram za ka koya wa na'ura. Ka ba wannan sati uku, ka dawo ka nuna mana.