Gizon da nake zanawa yana karkarwa, ina mafita?

Mai_Fensir:
Assalamu alaikum. Ina haɗa ɗan katun na Gizo da Ƙoƙi mai minti uku. Da fensir nake zanawa a takarda, in ɗauki hoton kowace da waya. Da na jera hotunan sai Gizo ya yi ta karkarwa, kansa ya kumbura ya motse. Kuma wai kowane sakan hoto 24 yake ci? Don Allah a taimaka.

Baban_Zane:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Batun 24 gaskiya ne, amma yawanci zane ɗaya sau biyu ake nuna shi, ka ga 12 ke nan a sakan, minti uku kuwa 2,160. Inda Gizo ya tsaya sauraro, jiki ɗaya ya isa, ido da baki kawai za ka canza.

Karkarwar nan, takardunka ne ba sa zama wuri guda. Huda su duka da abin huda takarda na ofis, ka kafa ƙusa biyu a katako ka riƙa zura su. Sa gilashi da ƙwan fitila a ƙasa, don ka hango zanen baya ta cikin na sama. Wayar ma ɗaure ta, kada ta motsa. Kumburin kai kuwa, ina zaton bi da bi kake zanawa. Fara da manyan motsi: ya durƙusa, ya yi sama, ya dira. Sannan ka cike tsakani.

'Yar_Zazzau:
Malam, ɗauki murya tun kafin ka zana baki. Gizo da tsamin baki aka san shi, daɗinsa ke nan, kuma sai ka ji inda ya ja magana za ka san zane nawa wurin zai ci. Kada ka sa tawada sai ka kalli gwajin fensir ya yi maka.

Ɗan_Tawa:
Abin ya faranta mini rai wallahi. A garinmu Tawa, a Nijar, marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fina-finai, ya zauna. Tun 1966 ya yi katun na kwaɗi masu shugaban ƙasa, zanen layi ne kawai, ba launi. Kada rashin kayan aiki ya sare maka gwiwa.

Mai_Fensir:
Na gode, Allah ya saka. Yaya Baban_Zane, ƙafafun Gizo takwas fa, duk zan motsa su?

Baban_Zane:
Tsayar da shi da biyu kamar mutum, biyu su zama hannu, sauran huɗu su riƙa lilo a gefe.