Karena yana zawo da jini, in ba shi Flagyl?

Baban Ummi, Barnawa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da karen gadi, ruwa biyu ne, watansa 10. Tun shekaranjiya yake zawo, ruwa-ruwa da majina, yau da safe kuma na ga jirwayen jini a ciki. Jiya ya yi amai. Ruwa yana sha, abinci kuwa sai ya shinshina ya juya baya. Dama sauran tuwo da shinkafar gida yake ci, sai a 'yan kwanakin nan yaron gidana ya fara karɓo masa hanjin kaji wajen masu fiɗa a kasuwa, ɗanye yake zuba masa. An yi masa rigakafi yana ƙarami, katin yana nan. Mai kemis ɗin layinmu ya ce in ba shi Flagyl. Ya kuka gani?

Sarkin Baka:
Wa alaikumus salam. Malam, hanjin nan ne ba wani abu ba. A wannan zafin, hanjin da aka fitar da safe kafin azahar ya fara wari. Namu na farauta ma da suke cin komai a daji yana kayar da su, balle karen gida. Ka ɗauke masa abinci yini guda, ka bar masa ruwa. Wasu abokan dawanmu suna daka tafarnuwa su ɗura wa kare da madara.

Likitan Dabbobi, Zariya:
Yallabai Sarkin Baka, maganar hanji na yarda, amma tafarnuwa da madara don Allah a bar su. Tafarnuwa da albasa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, madara kuwa yawancin manyan karnuka ba sa iya narkar da ita, zawon za ta ƙara.

Baban Ummi, ɗanyen hanjin kaji gidan bakteriya ne, musamman Salmonella da Campylobacter, kuma dukansu suna kawo zawo da majina da jini. Akwai kuma Clostridium, wadda dama tana zaune a hanjin kare, sauyin abinci kwatsam ne ke ba ta damar yawaita. Sai dai ido ba ya raba waɗannan da tsutsar ciki mai tsotsar jini ko cutar parvo. Parvo ce nake tsoro ga kare mai ƙasa da shekara: amai ba ƙaƙƙautawa, zawon jini mai warin da ba ka mantawa, kare ya zube ya kasa tashi. Ka duba katin nan da kyau. Ana fara allurar daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har kusan sati 16. Mutane da yawa guda ɗaya suke yi su ce an gama.

Abin da ke saurin kashe kare mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne. Yanzu ka je ka kama fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tsaye kamar an tsunkuli kwaɓin fulawa, ruwa ya yi ƙasa. Ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai damshi. Fari fat ko busasshe mai danƙo, kada ka jira gari ya waye.

Flagyl muna bayarwa, amma da awon nauyin kare, kuma ba kowane zawo ke buƙatarta ba. Ita ba maganin Salmonella ba ce ma. In ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai ka ga kare yana tangaɗi, idanunsa suna rawa. Ibuprofen kuwa kada ma a kusantar da ita, tana huda ciki ta lalata ƙoda. Paracetamol ma haka, ba a ba kare da ka.

Tunda an ga jini, ni dai kai shi asibitin dabbobi zan ce. Ka ɗebi sabon kashinsa a leda mai tsabta ka tafi da shi.

Maman Sadik:
Ni yaran nake ji. Likita, waɗannan cututtukan ba sa kama mutum? In yara suna wasa a tsakar gidan nan ba takalmi fa?

Likitan Dabbobi, Zariya:
Suna kamawa, Hajiya. Salmonella da Campylobacter duk suna ratsawa zuwa mutum, ƙananan yara da tsofaffi sun fi shan wahala. A kwashe kashin da wuri, a wanke wurin da ruwan bilic, kwano 1 na bilic cikin kwano 30 na ruwa. Yaron da ke taɓa hanjin nan ya riƙa wanke hannu da sabulu, kwanon kare kuma kada a haɗa shi da na gida wajen wanke-wanke.

Baban Ummi, Barnawa:
Allah Ya saka da alheri. Mun dawo daga asibiti. Gwajin parvo bai nuna komai ba, alhamdu lillahi. Sun ga ƙwan tsutsa a kashin, sun ba da magani, an kuma yi masa ƙarin ruwa. Na bakteriya sun ce sai sun tura ɗakin gwaji. Likita, me zan ba shi ya ci? Hanjin fa, a daina gaba ɗaya? Shi ne mai arha a yanzu.

Likitan Dabbobi, Zariya:
Farar shinkafa da dafaffen naman kaza, ba fata, ba mai, ba yaji, ba magi. Kaɗan-kaɗan sau 4 a yini. In kashi ya fara ɗaurewa, sai ka riƙa cakuɗa masa da abincinsa na da, kana ƙarawa a hankali cikin kwana 3 zuwa 4. Hanji ba sai an daina ba: a karɓo da safe, a wanke, a tafasa shi sosai a ranar, abin da ya rage a kwano bayan ya ci a zubar. Ƙashin kaza dafaffe ne kawai za a tsince, yana tsagewa ya soki hanji.