Masu iyaye masu ciwon suga, ya kuke ganin mantuwarsu?

Autar Hajiya:
Salam jama'a. Mama da Baba duk suna da suga, shi shekara 14 yana fama da ciwon, ita 9, amma abin da ke ɗaure min kai ita mantuwa ta fi kamawa. Baba har yau lambobin wayar abokansa na kasuwa a kansa suke, ita kuwa shekaranjiya sau biyu ta zuba gishiri a miyar kuka, ta idar da la'asar ko tasbihi ba ta gama ba ta juyo tana tambayata wai ta yi sallah? Yayyena sun ce gigin tsufa ne, to ai shi ya girme ta da shekara 8. Akwai wanda ya ga haka a gidansu?

Wani daga Maraɗi:
Mu kam tsohonmu ne. Da hantsi sai ya hau faɗa ba dalili, gumi sharkaf hannu na rawa, ran nan ni ɗansa ya kalle ni ya ce waye wannan, har an fara maganar a kira malam ya yi ruƙiyya. Ƙanwata ce ta ce a gwada sugansa tukun, ashe ya sauka zuwa 52! Maganin suga glibenclamide yake haɗiya da asuba ya ƙi karyawa sai wajen sha ɗaya. Muka dama masa suga a ruwa, cikin 'yan mintuna ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mu. Likita ya canja maganin, ya ce duk ƙasa da 70 kar mu yi wasa.

'Yar Zariya:
Autar Hajiya tambaya ɗaya zan miki, wa ke ba Mama magani? Don a gidanmu Umma ce agogon Abba, ita ke ƙirga masa ƙwayoyi, ita ke ɓoye gwangwanin suga, tuwon alkamarsa daban, ita kuma sai kowa ya ci ta kankare ƙanzon shinkafa ta ci a tsaye, nata maganin sai ta tuna. Sai da na ga kwalin wata guda ya yi mata wata biyu jikina ya yi sanyi wlh.

Ma'aikaciyar jinya:
Akwai binciken da mujallar Diabetes Care ta buga a 2016, bayanan mutum sama da miliyan 2 aka haɗa. Suga na ƙara haɗarin cutar mantuwa da kusan kashi 60 cikin 100 ga maza da mata duka, amma a nau'in da lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke kawowa, ƙarin da mata ke samu ya ɗara na maza da kashi 19. Shi yasa hawan jini ma a sa masa ido. Kuma maganin suga metformin in an daɗe ana sha yana rage bitamin B12, ƙarancinsa ma yana kawo mantuwa da jin ƙafa kamar ana tsira allura, wannan kam yana da magani. Kar dai ku tsayar mata da komai da kanku.

Autar Hajiya:
Kai, 'Yar Zariya kin taɓo ni, yanzu na duba jakarta na tarar da maganin watan jiya ko rabi ba ta sha ba. Anti nas metformin ɗin take sha tun farko kuma ba a taɓa mata gwajin B12 ɗin nan ba, Litinin muke da ganin likita, sai ta je ba ta ci komai ba ko ba damuwa?