Musayar waƙa: kwatar layinmu da kansila

Ɗan Gwale: Salamu alaikum jama'a, jiya da aka yi ruwan nan kwatar layinmu ta cika har ta shigo soro, shi ne na ce bari in jefo baiti mai amsa ya amsa

Kwata ta toshe, ruwa ya ci tabarma,
Kansila tun ran zaɓe ba mu ƙara ganinsa ba,
Mun buga waya rediyo mun yi ƙorafi,
An ce an ji, jin bai kwashe leda ko ɗaya ba.

Maman Khadija, Fagge: to ɗan'uwa sannu da jaje amma fa zan faɗa

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ina ka maƙale?
Bakwai zuwa goma ba a barin mota ta wuce ba,
Ledar fiya wata da ta cushe kwatar,
Wallahi daga Abuja ba a aiko da ita ba.

Ɗan Gwale: haba Hajiya

Mun fito da shebur, mun yashe har ƙasa,
Mun tara a bakin titi, motar shara ba ta zo ba,
Kwana biyu hadari ya haɗo,
Ya mayar da ita ciki kamar ba mu taɓa ba.

Malam na Dala: ku bari in sa baki, ni abin da ke damuna daban ne

Ƙananan hukumomi 44 gare mu a Kano,
Mazaɓu 484, ko wacce ba ta rasa kansila ba,
Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci,
Kuɗinsu a ba su kai tsaye, ba ta hannun gwamna ba,
To waye cikinmu ya taka zuwa sakatariya,
Ya ce a nuna masa kasafi? Ni dai ban gani ba.

Ɗan Kwari: Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi

Damunar 2022 ruwa ya ci Kantin Kwari,
Atamfa da shadda dila-dila ba su tsira ba,
Ana ta gini kan hanyar ruwa muna kallo,
Sai da ya ci mu muka ce ba mu yarda ba.

Maman Khadija, Fagge: duk na ji ku amma wai taron unguwar ma da ake kira ai sai bayan isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, maza zalla, to mu ta ina

Mu ke sanin ranar da famfo ya ɗauke,
Mu ke goyon yaro zuwa asibiti, ba ku ba,
Ku sa taron da la'asar a firamare,
Ku ga in benci bai cika da mayafai ba.

Malam na Dala: shikenan Hajiya ta kashe bakinmu. Ɗan Gwale kai za ka rubuta takardar ƙorafinmu, mai unguwa ya sa hannu, ka yi kwafi biyu a buga wa ɗaya hatimi ka dawo da ita, kar a ce ba ta iso ba