Asirans (inshora) na shantiye (wurin gini): miliyan 50 ɗin nan duka za su biya?

Ɗan kwangila, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya san harkar asirans ya taimaka min. Na samu aikin bene, mai gidan ya ce ba zan sa diga a ƙasa ba sai na kawo takardar RC, wato asirans na ɓarnar da aikina zai iya jawo wa wasu mutane, na je na yi amma takardar lambobi ne birjik: miliyan 50 na sefa kowane sinistir (wato hatsari), miliyan 100 a shekara, can ƙasa kuma miliyan 15 na ɓarnar dukiya, ga faranshiz dubu 500. Abin da ya hana ni barci katangar maƙwabci ce, ta ƙasa ce kuma tsakaninta da ramin da muka haƙa bai kai taku biyu ba, ga damina ta kankama, jiya ma na ga ta fara tsagewa daga gindi. In ta faɗi wanne za su biya a ciki?

Tsohon ma'aikacin asirans, Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Miliyan 50 shi ne plafon, wato iyakar abin da za su fitar a hatsari guda ko mutum nawa ya shafa. Amma katanga da ɗaki dukiya ne, don haka ƙaramin layin nan na miliyan 15 shi ne naka, babban sai in an ji wa mutum ciwo, Allah ya kiyaye. In ɓarnar ta miliyan 4 ce za su cire faranshiz, wato kason da kai za ka ɗauka da kanka, su biya 3 da rabi, in ta kai 20 duk abin da ya haura 15 daga aljihunka. Na shekara kuma kamar randa ne, duk abin da aka ɗiba ba ya dawowa sai kwantiragi ya sabunta, kuma randa ɗaya ce ga duk shantiyen da takardar ta ƙunsa.

Magini, Kusiri:
Ni abin ya ci ni bara wallahi, lebura na ya faɗo daga kan katako ya karye a ƙafa, na ruga wurinsu suka ce RC na mutanen waje ne, yaranka sai CNPS, wato asusun gwamnati na inshorar ma'aikata, ni kuwa ban yi musu rajista ba, haka na biya asibiti da kaina. Ginin da kake yi ma ba ya ciki, wannan sai turisk shantiye, wato asirans na ginin kansa. Kuma ka sa a karanta maka wajen gine-ginen maƙwabta, wasu kamfanonin cire shi suke sai ka ƙara kuɗi.

Hajiya, Injamena:
Ɗan uwa tunda ta fara tsagewa kar ka jira faɗuwa. Dokar CIMA, wato dokar asirans ta haɗin gwiwar ƙasashenmu, ɗaya ce da mu a Cadi da ku a Kamaru tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992, akwai wa'adin kai rahoto a takardarka, doka ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, kuma in ba ka biya kuɗin asirans ɗin ba kamar ba ka yi ba ne. Ka ɗauki hoto yau, ka kira usiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta yadda katangar take.

Ɗan kwangila, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Na sa yara sun tokare ta da azara tun ɗazu, gobe da sassafe zan kai wa masu asirans takardar a nuna min layin maƙwabtan.