Wai kare ma yana da asali?

Baban Walida, Kentucky: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace na dawo daga daji, kuma sai na amayar da abin da ke cikina ko na ji sanyi. Shekara huɗu ke nan ina bin wani dattijo maƙwabcina farautar zomo da karnukan nan gajeru masu faɗin kunne, bigul. Yana da wata tsohuwar karya da yake cewa jinin Yellow Creek ce, layin da aka fara kiwo a Missouri tun ba a haifi iyayenmu ba. Ba ta da wani gudun a zo a gani. Amma in ta ɗora hanci a kan sawun zomo, kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Zomo ya sha kwana, sai ta ja birki daidai inda warin ya yanke, ta yi tsit, bindi na kaɗawa, ta ɗan zaga taku biyu uku, can sai ka ji ta sake ɗaukar haushi. Kai dai tsaya inda aka tashe shi. Zomon nan mai bindin auduga ba ya barin unguwarsa, zagaye yake yi ya komo. Za ka gan shi tafe yana ɗan tsalle yana tsayawa yana kasa kunne, harbi ɗaya ya wadatar.

Bara na ce bari in yi nawa. Na tara kuɗi na sayi kwikwiyo wajen wani mutum da ya cika ni da labarin iyayensa sun ci gasa. Yau da safe ciyawa sharkaf da raɓa, ba iska, ranar da wari ke kwanciya a ƙasa. Zomo biyar muka tasa. Uku ya fafare su da gudun tsiya har suka faɗa rami. Biyu kuwa ya wuce kwanar da taku hamsin yana ta haushi a kan iska. Doka ta yarda da huɗu a rana, ni ko harsashi ɗaya ban fasa ba. Maganata ita ce karnukan da sun fi, kuma matsakaicin gudu ya fi gaggawa. Waɗannan na yanzu duk marasa asali ne.

Ɗan Gusau, Michigan: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Yaya, amma ka janye kalmar nan. Marasa asali? Karnukana biyu jinin Branko ne, daga Manitoba ta Kanada. Takardunsu na nan a durowa, uwa da uba da kakanni duk a rubuce. Wane asali kuma ake nema?

Baban Walida: Takarda ba ta kawo zomo gaban bindiga.

Ɗan Gusau: Ai ba kawo zomo ka ce ba, asali ka ce. Kuma ka zo arewacin Michigan a watan Janairu ka gani. Namu zomon ƙanƙara ne, wanda ke rikiɗa ya koma fari fat da sanyi, ƙafafunsa faffaɗa, yana tafiya a kan dusar ƙanƙara kare na nutsewa. Ba kasafai yake neman rami ba, zagaye yake yi mai nisa har ka daina jin karnuka gaba ɗaya, sai daga baya muryarsu ta dawo ta wata kusurwa. Tsohuwar karyarku kafin ta warware kwana ɗaya warin ya huce.

Injiniya, Columbus: In asali ake magana to duk gida ɗaya suka fito. Ingila ce uwarsu. Wani limamin coci, Phillip Honeywood, ya haɗa garke a Essex a shekarun 1830, kuma shi ake ɗauka tushen bigul ɗin yau. Janar Richard Rowett na Illinois ya shigo da su Amurka a shekarun 1870, ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ta fara yi musu rajista a 1885. Har gobe kashi biyu take yi musu, waɗanda ba su wuce inci 13 ba da waɗanda ke tsakanin 13 da 15. Saboda haka babu marar asali a cikinsu, Alhaji.

Baban Walida: Injiniya ka taɓa shiga sarƙaƙiya ƙaya ta yaga maka wando? Ko a kwamfuta ka yi farautar?

Injiniya: Ban taɓa ba, kuma ban ce na taɓa ba. Kalmarka na gyara.

Bakano, Albany: Injiniya ya yi gaskiya rabi. Gida ɗaya ne, amma ko a gida ɗaya akwai ɗakin da ya riƙe tarbiyya. In ana maganar asali a Amurka to a fara da layin Patch. Willet Randall ya fara kiwonsu tun 1896 a nan jihar New York, kuma a duwatsun Adirondack suka yi suna. Don farauta kawai ya kiwata su. Nawa fari ne da tabo ruwan lemo, doguwar ƙafa, kuma yana da gudu. Nan ne ma zancen Baban Walida ya karye. Shi yana ganin tsohon jini shi ne mai tafiyar hawainiya, alhali tsofaffin karnukan gudu suke yi. Rage gudu daga baya ya zo, lokacin da gasar bibbiyu ta yi ƙarfi wajen shekarun 1950 da 1960. Ana sakin kare biyu a kan sawu ɗaya, alƙalai na bin su a baya suna duba wanda bai kauce ko taku ɗaya ba. Aka yi ta zaɓen mai nawa ana haɗa shi da mai nawa, har aka samu karnukan da mutum zai bi su yana tafiya yana hira, su kuma suna haushi goma a kan sawu ɗaya. Mafarauta na gaske suka gaji, shi ya sa aka fito da gasar ƙaramin garke don a dawo da karen bindiga.

Baban Walida: Ni ban ce mai nawa ba. Matsakaici na ce. Kada a sa mini magana a baki.

Ɗan Gusau: Ka ce marasa asali. Yana nan a sama, kowa ya koma ya karanta. A garinmu in ka ce wa mutum haka sai an je gaban hakimi.

Baban Walida: Kare na faɗa wa, ba kai ba.

Ɗan Gusau: Wanda ya raina abin da kake ciyarwa safe da yamma kai ya raina.

Jikan Sarkin Baka, Damagaram: Ina ta karantawa ina mamaki. Wai kare ne ba ya kama zomo, sai dai ya yi ta kuka a bayansa har maigida ya harba? A wajenmu wannan ko tsaki ba za a ba shi ba. In an gama girbi aka buga gangar farauta, karenmu da ido yake aiki. Zomo ya tashi, ya miƙe kamar kibiya, kafin ka ɗaga ƙere ya riga ya danne. Ku je Azawak ku ga kare, siriri, ciki a ɗame, ƙafa kamar ta barewa. Wannan shi ne asali. Naku gajeru ne masu jan kunne a ƙasa.

Bakano: Baba, da girmanka, amma daji ba ɗaya ba ne. Ku fili gare ku, kana hango zomo tun daga nesa. Nan ƙaya ce a cukurkuɗe, taku biyar ba ka ganin abin da ke gabanka. Karen ido in ya shiga nan makaho ne. Shi bigul ba a yi shi don ya kama ba, hanci da murya ne jarinsa. Muryar ce ke gaya maka ta inda zomo zai ɓullo.

Jikan Sarkin Baka: Haka kuke. Da kun haye jirgi sai komai na gida ya zama abin rainawa.

Injiniya: Ba wanda ya raina gida Baba. Ko zomon ma ba iri ɗaya ba ne. Na dajinmu na gida ɗan uwan na ƙanƙarar nan ne da Ɗan Gusau ya faɗa, a sarari yake kwana, ana haifar 'ya'yansa da gashi ido a buɗe. Na Kentucky kuwa tsirara ake haifarsa, ido a rufe.

Jikan Sarkin Baka: Yaro, zomo za ka koya mini? Tun kana goye nake rataya shi.

Likitar dabbobi, Leeds: Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan jinin da kuke ta ambata, ku yi lissafi. Kare yana ɗaukar rabi daga uwa, rabi daga uba. In shahararren kakan nan yana hawa na goma a baya, kuma sau ɗaya ya fito a takarda, rabonsa kashi ɗaya ne cikin 1024. Sai fa in an yi ta auren dangi ana maimaita shi, wannan kuma yana tara cuta kamar yadda yake tara hali. Abin dubawa shi ne uwa da uban kwikwiyon, yaya suke gudu a daji. Baban Walida, ka ga iyayen naka suna bin sawu kafin ka biya? Kuma watansa nawa?

Ɗan Gusau: Likita, ku a Ingila ma da aka hana ku farautar, me za ki faɗa?

Likitar dabbobi: Dokar 2004 ta hana sakin garke a kan babban zomon fili, ba ta hana na rami ba in mai gona ya yarda. Kuma lissafin gado bai san iyakar ƙasa ba, ƙanena.

Malam, Bronx: Ni abin da ya tsaya mini shi ne kalmar "na sayi". Ajiye kare don farauta ko kiwo ko gona ya halatta, hadisi ya keɓe su. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah. Naman zomo ma halal ne. Amma kuɗin kare akwai hani a kansa.

Bakano: Allah gafarta Malam, ai a Risala an ce an yi saɓani kan sayar da wanda aka yarda a ajiye.

Malam: Saɓani ba lasisi ba ne, Alhaji. Kuma wanda zai kashe ɗaruruwan daloli a kan kare ya tuna da 'yan uwansa a gida.

Baban Walida: Malam, wata bai taɓa wucewa ban aika gida ba. Wannan maganar ta yi mini zafi wallahi.

Malam: Ban kira suna ba.

Ɗan Gusau: Yanzu ka ji yadda take. Kai ma ba ka kira suna ba ɗazu.

Baban Walida: Kai fa ƙanena ne na bayan baya. Lokacin da na zo ƙasar nan kana firamare.

Ɗan Gusau: Na yarda Yaya, amma karnukana ba su san shekaru ba. Asabar da ta wuce sun riƙe zomo ɗaya fiye da awa a cikin ƙanƙara, ina kallon zagayensu a waya ta abin wuyansu. Zan turo hoton.

Baban Walida: Hoton zane a waya ba zomo ba ne. Ka kawo su Kentucky mu sake su tare da tsohuwar. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Injiniya: Akwai ma Blue Cap na Hiram Card a Ontario, shi ma tsohon layi ne, ba wanda ya ambace shi.

Jikan Sarkin Baka: Har yanzu ba wanda ya gaya mini amfanin karen da ba ya kamu.

Bakano: To jama'a, dare ya yi, kuma a matsayina na mai kula da zauren nan bari in tattara. Na ɗaya, an amince cewa asali gaskiya ne, kuma tsohon jini ya fi, kamar yadda Baban Walida ya faɗa. Na biyu, an gano cewa tsohon jinin na ainihi mai gudu ne mai hanci, kuma misalin da ya fito fili a muhawarar nan shi ne Patch, wanda yake nan tun 1896 ba wanda ya iya kawo aibinsa. Na uku, karnukan Ɗan Gusau suna da kyau a ƙanƙara, amma layi ne na baya-bayan nan, sai a ba su lokaci. Maganar Baba ta gida muna girmama ta. Batun ciniki kuwa an tabbatar akwai saɓani. Lissafin Likita ya shafi waɗanda suka gauraya jini ne, bai shafi layin da aka tsare ba. Allah ya ba mu alheri.

Ɗan Gusau: Wa ya amince? Ni ban amince ba. Kuma ba wanda ya kawo aibin Patch ne don ba wanda ya taɓa ganinsa sai kai.

Likitar dabbobi: Ban ce haka ba Alhaji. Layin da aka tsare shi ne ma na yi gargaɗi a kansa.

Malam: Ni ma ba haka na rufe ba.

Baban Walida: Likita, sai yanzu na ga tambayarki. Watansa goma sha huɗu. Iyayen kuma ban ga gudunsu ba, a keji na gan su. Dattijon ya leƙo ɗazu, ya ce ranar Asabar in bar bindiga a gida, in sake shi shi kaɗai a bayan gonarsa, in ya wuce kwana kada in kira shi, in bar shi ya dawo ya nemo da kansa. Ya ce sai ya yi haka sau da yawa kafin ya yarda ya haɗa shi da tsohuwar.

Ɗan Gusau: Kalmar fa, Yaya?

Baban Walida: Sai bayan Asabar.